Mai Ƙeya, Mai Zanen da Aka Hana Fuska

Haihuwa da Asali

An haifi mai zanen nan da aka fi sani da laƙabin Mai Ƙeya a shekarar 1951, a wani matsakaicin gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan shagon mahaifinsa. Mahaifin nasa mai aski ne, mutum mai tsoron Allah da ƙarancin magana, halin da ba a cika samu a wannan sana'a ba. Mahaifiyarsa tana ɗinkin kayan yara a keken hannu, kuma ita ta ɗauke wa gidan nauyin magana gaba ɗaya. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji.

Tun yana shekara bakwai aka ba shi aikin riƙe ƙaramin madubi a bayan wanda aka gama yi wa aski, domin mutum ya hango ƙeyarsa ta cikin babban madubin bango. Ta haka ya san mazan unguwar ta baya kafin ya san su ta gaba: wanda wuyansa ya yi ninki uku, wanda kunnensa na hagu ya fi na dama tashi, da wanda ke sunkuyar da kai tun almakashi bai iso ba.

Karatu da Alkawari

Ya shiga makarantar firamare a 1958. A 1963 ya samu guntun alli ya zana fuskar shugaban tashar jirgi a jikin ƙofar shago, da hancinsa yadda Allah ya yi shi, ba ragi. Kamannin ya fito har masu wucewa suna gaida ƙofar, shugaban tasha kuwa ya koma aski a wani shago. A ranar yaron ya fahimci kalmar zane tana da ma'ana fiye da ɗaya, domin mahaifinsa ya zane shi sosai.

A 1970, bayan kammala sakandare, ya samu gurbi a kwalejin zane-zane ta babban birni. Bayan 'yan kwanaki mahaifin ya kira shi shago a lokacin da babu kowa a kujera, ya ce: "Ka je. Amma fuska Allah ne ke yin ta. Ka yi mini alkawari ba za a ga fuskar ɗan Adam a aikinka ba." Ya ɗauki alkawari nan take, da gaggawar matashin da jirgi ke jira, ba tare da ya auna nauyin abin da ya ɗauka ba.

Mahaifiyarsa ta sanar da maƙwabta cewa ɗanta ya tafi karatun zane, saboda haka duk hutun da ya dawo sai ya tarar da mata suna tambayarsa nawa turmi. A kwaleji ya faɗi darasin zanen fuska sau biyu, domin kullum yakan ɗauki kujerarsa ya zagaya bayan mutumin da aka zaunar a zana. Malaminsa ya taɓa tambayarsa ko sun yi faɗa da mutumin ne. A nan 'yan ajinsa suka raɗa masa Mai Ƙeya don tsokana, sunan kuwa ya zauna. Mahaifinsa ya rasu a 1974, wata biyu kafin ya kammala, bai janye maganarsa ba, kuma ba wanda ya rage da ikon janye ta.

Aiki da Aure

Daga 1975 zuwa 1985 ya yi aiki a wata maɗaba'a yana zana bangon littattafan makaranta, a ƙarshen mako kuma yana nasa aikin a garejin da ya kama haya, mai taga ɗaya da warin fentin mai. Hanyar aikinsa ba ta sauya ba tsawon rayuwarsa. Yakan shafe yadin da ƙasa-ƙasan launi ya bar shi ya bushe, sannan ya fara da kunne, ya gangaro ramin wuya, ya ƙare da bakin riga. Gashi ne na ƙarshe, kuma yana yinsa da burushin da ya rage wa baki da almakashin aski.

A 1977 ya auri wata malamar lissafi da ya fara gani a layin shiga bas, ta baya, kamar yadda mai karatu zai yi tsammani. Mace ce mai saurin dariya da kaifin baki, kuma ita ce a cikin kusan rabin ayyukansa: tana wanke kwanuka, tana duba takardun ɗalibai, tana tsaye a taga da jariri a kafaɗa. An sha jin ta tana ce wa ƙawayenta: "Kowace mace mijinta juyo in gan ki yake ce mata. Ni nawa juya yake cewa." Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1978 da 1990.

Haɗuwa da Uwar Ɗaki

A 1983 wata mai tsara baje kolin zane-zane, wadda ta buɗe ɗakin baje koli a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya, ta zo maɗaba'ar don buga katin gayyata, ta ga zane ɗaya jingine a bayan inji. Masu zane suna kiranta Uwar Ɗaki, domin ɗakin nata ne, kuma ita ce uwar ɗakin nasu. Suna tsoronta, kuma suna cin abincinta. A 1985 ta shirya masa baje kolinsa na farko mai suna Layi. Ta ƙi rataye zanukan a bango yadda aka saba, ta kafa su a tsakar ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, daidai tsayin mutum, ta yadda duk wanda ya shigo sai ya tsinci kansa a ƙarshen layi yana jiran abin da bai sani ba. An sayar da komai cikin mako guda, ya kuma ajiye aikin maɗaba'a.

Daga nan masana suka yi caa a kansa. Wasu suka rubuta cewa yana nuna al'ummar da ta juya wa shugabanninta baya, wasu suka ce shugabannin ne suka juya. A wata tattaunawa da aka yi gaban jama'a a 1992, wani malamin jami'a ya shafe lokaci mai tsawo yana tambayar da ba ta da alamar tambaya. Mai Ƙeya ya sosa tasa ƙeyar, ya ce: "Ni dai abin da na sani, fuska takan shirya kafin a kalle ta. Ƙeya ba ta san ana kallonta ba." An yi ta tafi, aka kuma buga maganar a jaridu. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Batun alkawari matarsa ce kawai ta sani, sai Uwar Ɗaki da ta matsa masa a 1996 lokacin da ya ƙi zana fuskar wani attajiri.

Rasuwar Matarsa

Matarsa ta rasu a 2011 bayan gajeruwar jinya. Ya yi juriya a gaban masu ta'aziyya, amma bayan shekara biyu ya lura da abin da ya firgita shi: idan ya rufe ido yana iya kawo kowace jijiya ta wuyanta, fuskarta kuwa ta fara kuɓuce masa. Hotunan da ke gida ba su amfane shi ba, domin ita mai ƙamewa ce a gaban kyamara, a cikinsu duka kamar an kira ta ba da shaida a kotu. Ya daina aiki. Shekara uku yana buɗe gareji da safe, ya zauna, ya rufe da la'asar.

A 2016 Uwar Ɗaki, wadda lokacin take dogara sanda, ta je ta same shi ta nemi ya maimaita mata kalmomin mahaifinsa yadda suke. Da ya faɗa sai ta ce: "To ai cewa ya yi kada a gani. Bai ce kada ka yi ba."

Ya ce: "Wannan wayon lauyoyi ne. Mahaifina mai aski ne."

Ta ce: "Ni ban zo da fatawa ba. Na zo ne saboda 'ya'yanka sun ce ba ka cin abinci."

Bayan wata guda ya aika aka sayo masa yadi, ya kuma sa kwaɗo a ƙofar garejin, abin da bai taɓa yi ba. Aikin ya ɗauke shi shekara biyu, shi da ke gama zane cikin mako uku. Ya shaida wa babbar 'yarsa cewa bai sani ba ko ya saɓa wa mahaifinsa, kuma yana nema wa kansa gafara a kowace rana, amma ba zai iya bari ba.

Baje Koli na Ƙarshe

A 2019 Uwar Ɗaki ta tattara ayyukansa na shekara arba'in daga hannun masu su, ta shirya babban baje koli. Da hannunsa ya rataye sabon zanen a bangon ƙarshe, fuskar zanen tana kallon bango, abin da jama'a ke gani shi ne bayan yadi da katako da ƙusoshi. Masana suka ce wannan ne ƙololuwar tunaninsa, ya kai ga zana ƙeyar zane kanta. Wani gidan tarihi ya nemi saya, aka ce ba na sayarwa ba ne. Ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada a juya shi yana raye, ya ƙara da cewa alkawarin nasa ne shi kaɗai, ba ya cikin abin da za su gada.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2022 yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan fama da ciwon zuciya. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar da matarsa take, tare da rakiyar 'yan'uwa da ɗalibai da masu zane da yawa.

Bayan an watse zaman makoki, 'ya'yan suka taru a garejin tare da Uwar Ɗaki, suka juya zanen. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta faɗi ra'ayinta ba kwana-kwana, kamar yadda ta saba: aikin ɗan koyo ne, mafi rauni a duk abin da ya yi, an goge an sake har fenti ya yi tudu, ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta, baki ya karkace gefe. Ta faɗi haka tana share hawaye.

Ya rasu ya bar jikoki tara da 'ya'ya huɗu: babbar, likitar haƙori, wadda ta ce hancin ba daidai ba ne, mai bi mata, injiniyan ruwa, wanda ya ce shi bai ga kama ba, na uku, akawun kotu, wanda ya tashi ya fita waje, da autarsu, malamar makarantar yara, wadda zanen ke ɗakinta a yau yana kallon ƙofa. Ita ce ta ce: "Ba kuskure ba ne, Yaya. Haka Mama take yi idan mun yi laifi tana riƙe dariya."