Sifaniyanci a Zauren Baba

Shekarar da na gama karatun jinya, ina zaman jiran aiki a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, na shiga ajin koyon Sifaniyanci na wata kwaleji ta intanet. Bayan La'asar ake darasin. A zaure kawai wayata ke samun sabis, nan kuwa Baba yake zama da rediyonsa. Yakan rage murya, amma bai taɓa tambayar me nake koyo ba.

Ran nan malamar ta koya mana kalmar "ojalá". Ta ce daga Larabci ta samo asali, kusan kamar a ce in sha Allahu. Na maimaita sau uku.

Baba ya kashe rediyo. "Sake faɗa in ji."

Na faɗa, na yi masa bayani.

"Ashe su ma sun san ba a hannunsu abin yake ba," in ji shi.

Washegari na jiyo shi a ƙofar gida yana gaya wa maƙwabcinmu wai 'yarsa na koyon yaren da rabinsa Larabci ne. Ban gyara masa ba. Da ƙyar na ci jarrabawar Sifaniyancin, sannan aka ɗauke ni aiki a wani asibiti a Tarauni, ban sake komawa ajin ba.