Yadda Na Mai da Maraicina Sana'a

Ni ɗan mawaƙan coci ne a Dutse kafin in zama abin da na zama. Babana direban tifa ne, ya rasu ina aji huɗu na firamare, ya bar mu da Inna da ƙannena biyu.

Ikilisiyarmu ba ta yar da mu ba, gaskiya ɗaya ce. Amma ga yadda take yi: ranar godiyar kaka sai fasto ya kira ni gaba, ya dafa kaina, ya ce, "Faɗa wa jama'a halin da kuke ciki." Karon farko kunya ta sa na fashe da kuka. Kai, ka ga hatsi! Gero, wake, har da atamfa ga Inna. Shekara ta zagayo na yi magana ba kuka, abin da aka tara bai kai rabi ba. To, na gane karatun.

Mutum ɗaya ne ya taɓa takowa har gidanmu, wani dattijon ikilisiya, kafinta. Ya ce, "Ɗana, zo shago gobe ka koyi riƙe zarto." Na ce, "To, Baba." Kwana uku na yi na gudu. Wa zai sha ƙurar katako alhali hawayen minti biyar na kawo buhu?

Da na kai ashirin na sa aka sassaƙa mini hatimin ƙarya, na rubuta takarda da sunan gidan marayun da babu shi. Na bi ƙananan majami'u na ƙauyukan Kiyawa da Ringim, Lahadi nan, Lahadi can. Matan zumuntar coci su auno daga abin da za su ci, ni kuwa in kai kasuwa in sayar. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe hannuna ta ce, "Allah ya raya maka yaran nan." Na ce amin, ko gezau.

Wata rana fastoci biyu suka haɗu a wurin jana'iza, kowa ya zaro takardata daga aljihu, asirina ya tonu. Shekara huɗu alƙali ya ba ni.

A gidan yari na haɗu da wani saurayi da aka kama da babur ɗin sata. Muna tsinkar zogale a kicin yake ba ni labari. Uwarsa ta rasu ta bar masa ƙanne uku. Ya je wata majami'a wajen Ringim neman ko da kwano biyu na gero. Ya ce, "Yaya, ko zama ba su ce in yi ba. Wai wani mai takardar marayu ya riga ya cuce su, sun daina." Ya yi dariya. Ni zogalen ma na kasa gani.

An sake ni bara. Na tsaya gaban ikilisiya na nemi gafara, sun yafe. Yanzu bulo nake bugawa. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ko a sujadar coci ba na iya zama, sai in fita in dawo.

Ku samari, ku ji ni. Ranar da kuka ga tausayi na kawo abinci, ku ji tsoron ranar nan. Duk ƙaryar da ka yi da sunan mabukaci, ƙofa ka rufe wa na gaskiya. Ku kuma iyayena na ikilisiya, don Allah kada ku fito da yaro gaba ya yi tallan talaucinsa. Ku je gidansu. Ku san sunan malaminsa, ku sa shi sana'a, in ya gudu ku bi sawunsa. In wani ya cuce ku, ku bincika na biyu, kada ku kore shi.

Saurayin nan saura masa shekara biyu. Duk ƙarshen wata ina kai masa sabulu da garin kwaki, yana ce mini mutumin kirki. Har yau ban faɗa masa ni ne mai takardar ba.