Marayun Gwazar Torika

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan Torika a bakin kogin Rewa lokacin cin abinci ya san muryarta. Ko jiya kuka yi faɗa da ita, sai ta leƙo ta taga ta ƙwala maka kira ka zo ka ci. Ba ita kaɗai ba ce, haka muka tashi mu duka a wannan yanki na Fiji, amma ita nata ya yi yawa. In ta raba dafaffiyar gwaza, sai kare ya samu, kazar maƙwabta ta samu, sannan ta tuna da nata cikin. Wannan halin ne ya so ya kunyata ta a kwaleji, tana da shekara hamsin da 'yan kai.

Ita ce autar Inoke, manomin gwazar da babu kamarsa a ƙauyensu. Tana tsakiyar sakandare mahaifiyarta ta kwanta ciwo, aka dawo da ita gida jinya, karatu ya tsaya ke nan. Ta auri wani direban bas mai yawan dariya, suka haifi 'ya'ya, ya rasu ya bar ta da su. Ta yi shekaru tana dafa wa yaran firamare abinci har nata suka kama gabansu. A duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa barin gonar mahaifinta ba. Ranar Asabar tana can tare da yayanta Peniasi, ƙafa cikin taɓo, suna shuka yadda tsohon ya koya musu: a haƙa rami, a zuba tafin hannu guda na tokar ɓawon kwakwa, sannan a dasa. Inoke ya ce toka na kashe gishiri, kuma a gidan nan ba a taɓa jin wanda ya ce a'a ba.

Sai teku ta fara rashin kunya. A da sai shekara-shekara take hawowa cikin gona, ruwan sama ya biyo baya ya wanke. Yanzu kuwa duk sa'ad da ta cika sai ta biyo kwatami ta kwana a gindin shuka. Ganyen gwaza ya dinga yin rawaya yana ƙonewa daga baki. Dangin matar Peniasi da ke kan tudu suka aiko cewa akwai fili, in dai an zo da saiwar yakona, wadda ake jiƙawa a sha a taron gargajiya, an roƙa yadda aka saba. Peniasi ya ce ba inda za shi. Kabarin mahaifinsu yana nan a kan gonar, ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

"Tokar ce ba mu sa da yawa ba," in ji shi. "Ke da matan coci suka tura babban birni Suva karatun noma, ki je makaranta ta tabbatar mana da maganar Baba, mutane su bar mu mu huta."

Haka ta shiga ajin farko na ilimin halittu da saƙon yayanta a wuya. Ranar da ta fara shiga ɗakin gwaje-gwaje, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne takalmi. Ƙafar da ta saba da silifa aka ce sai ta shiga rufaffe, ga farar riga da ta ƙi haɗuwa a ƙirji. Ɗalibai duk sa'o'in 'ya'yanta ne, kafin a tashi sun raɗa mata Inna. Malamarsu ma, Premila, 'yar garin Labasa, jikar manoman rake, ba ta girmi babbar 'yar Torika ba.

Malama Premila ta ce kowane mutum biyu su kawo hasashe guda. "Ku faɗi abin da kuke zato," in ji ta, "sannan ku shirya gwajin da zai iya ƙaryata ku."

Torika ta ɗaga hannu. "Malama, ni da kaina zan shirya abin da zai ƙaryata ni? Ai wannan aikin uwar miji ne, kuma tawa ta rasu."

Aji ya kwashe da dariya, malamar ma sai da ta dafa tebur. Aka haɗa Torika da wata budurwa mai suna Salanieta, mai baki kamar reza, wadda a birni ta tashi, ba ta taɓa ganin gwaza ba sai a faranti. Hasashensu bai ba su wahala ba: tokar ɓawon kwakwa tana kare gwaza daga ruwan gishiri. Torika ta kawo 'ya'yan gwaza daga gida a buhu, suka dasa a tukwanen roba a rumfar bayan ɗakin gwaji. Za a riƙa ba su duka ruwa mai gishiri iri ɗaya. Rabi za a sa musu toka, rabi kuwa a bar su haka nan.

"A bar su haka nan kamar yaya?" Torika ta tambaya.

"Da su za mu gwada, Inna. In ba mu ga abin da ke faruwa da wanda bai samu ba, ta ina za mu san amfanin samun?"

Torika ta dubi tukwanen da aka ware gefe, ta girgiza kai. "Marayu ke nan," ta ce. Sunan ya bi su.

Torika ce mai ban ruwa, domin bas ɗin farko daga garin Nausori take biyowa, tana riga kowa isowa. Kwanakin farko ta daure. Sai wata safiya ta tsaya da ledar toka a hannu, ta ƙara wa na dama, ta juyo ta ga na hagu a jere suna kallonta. To, gwaza ba ta kallo, na sani, amma je ka faɗa wa Torika. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ba wani ta hana na kusa da shi ba. Ta ce a ranta ɗan kaɗan ba zai ɓata komai ba, ta bi marayun ɗaya bayan ɗaya ta barbaɗa musu, ta rufe da ƙasa. Ta tafi aji zuciyarta wasai.

Da ranar awo ta zo, duk tukwanen sun yi shar. Salanieta ta auna ganye da ma'auni, ta sake aunawa, babu wani bambanci. Malama Premila ta ce a hankali, don kada ta ɓata wa babba rai, "Inna, ga alama tokar ba ta ƙara komai ba. Marayun ma ga su nan lafiya lau."

"A'a, Malama, ai shi ya sa suke lafiya," Torika ta ce tana murmushi. "Su ma na ba su."

Salanieta ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe ciki. "Inna, kin kashe mu! Wata guda ina haɗa ruwan gishiri, ashe gidan marayu kika buɗe!"

Malamar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "To yanzu ki gaya mini. Tokar ce ta cece su, ko kuwa gishirin da muka haɗa ne bai kai ya yi musu illa ba?"

Torika ta dubi tukwanen. Ba ta sani ba. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta lura cewa gonar mahaifinta ma haka take. Kowane rami ya sami toka, tun kafin a haife ta. Ba a taɓa barin ko layi ɗaya ba, don haka ba wanda ya taɓa ganin abin da zai faru in an bari. Ta ji kunya sosai, amma tsoron da ya shige ta ya fi kunyar. A bas ɗin komawa gida ba ta yi wa kowa tayin gyaɗar da ke jakarta ba, har kwandasta ya tambaye ta ko lafiya.

Aka ba su dama su sake. A wannan karon Torika ta ce a daina haɗa gishiri a kwalba, za ta riƙa ɗebo ruwan kwatamin gonarsu a jarka duk lokacin da teku ta cika. Salanieta kuma ta ce ita ba ta yarda da hannun Inna ba ko kaɗan. Ta kore ta waje, ta cuɗa tokar cikin ƙasar rabin tukwanen yadda ido ba zai gani ba, ta yi wa kowace tukunya alama a ƙarƙashi, ta cakuɗa jerin. Ledar toka kuwa ta kulle ta a kabad ɗin malama.

"Yanzu ki nemo marayunki mu gani," ta ce.

"'Yar nema, ko surukata ba ta yi mini haka ba."

Makonnin nan sun yi wa Torika tsawo. Ruwan kwatami ba wasa ba ne. Ganye ya fara rawaya, wasu suka lanƙwashe, wasu suka ruɓe daga gindi. Tana zuba musu ruwan da ta san shi ke kashe su. Tukunya ɗaya ce a lungu ta tsaya ƙyam da ganye biyu kore, ta sa mata suna Baba. Kullum da ita take fara gaisawa. Ta tabbata a ranta wannan ta sha toka ta ƙoshi, kuma duk ranar Asabar in Peniasi ya tambaye ta labari sai ta ce masa da alamun nasara. Shi kuwa ya duƙufa ƙona ɓawon kwakwa, toka ta taru a bayan gida buhu-buhu.

Ranar buɗe alamomi Salanieta ce ke ɗaga tukwanen tana karantawa, Torika na ware su gida biyu. Tun kafin a kai ƙarshe ta gane. Matattu sun rabu kusan daidai, nan da can. Masu toka ba su fi marasa toka ko da tsawon farce ba. Aka zo kan ta lungu. Salanieta ta leƙa ƙarƙashinta, ta sake leƙawa.

"Faɗi mana," in ji Torika.

"Maraya ce, Inna." Yarinyar ta sauke murya. "Ko mu ce iska ta fi kaɗawa a lungun nan, gwajin bai yi daidai ba? Malama za ta yarda a sake."

Torika ta san abin da yarinyar ke yi. Haka muke yi wa manya, mu lulluɓe musu magana don kada su ji sanyi. Ita ma haka ta yi wa mahaifinta har ya koma ga Mahaliccinsa. Ta shafa ganyen nan biyu, ta ce, "Rubuta abin da kika gani, 'yata."

Malama Premila ta ce gwaji ɗaya a tukwane ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma gaskiya ta faɗa. Amma Torika ta san lokacin shuka ba zai jira gwaji na uku ba, ta kuma san irin ruwan da ta ɗebo da hannunta.

Ta sami Peniasi a gindin mangwaron yana cire ciyawa daga kabarin. Ta zauna kusa da shi a ƙasa.

"Yaya, tokar ba ta tare wannan ruwan."

"Makaranta ce ta ce, ko ke?"

"Ni ce. Da idona na gani, kuma na so in ga akasin haka fiye da kai."

"Wato Baba ƙarya ya yi mana."

"Bai yi ƙarya ba. A zamaninsa gwaza na yi, toka na cikin rami, sai ya ɗauka ita ce. Mai yiwuwa ruwan sama ne ke yi masa aikin. Ban sani ba, Yaya. Abin da na sani, in muka sake shuka a nan, jikokinka shinkafar kanti za su ci baɗi."

Peniasi ya juya ga kabarin. Ya ci gaba da cire ciyawa har ta ƙare, ya koma yana cire inda babu. Torika ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Kafin mako ya zagayo ya sayo saiwar yakona mai kauri, ya sa rigarsa ta zuwa coci, suka hau tudu roƙon fili.

Ranar shuka a sabuwar gona, Peniasi ya iso da buhun toka a kafaɗa, yana kallon ƙanwarsa ta wutsiyar ido ko za ta yi magana. Ba ta yi ba. Ya bi layin farko rami bayan rami yana zuba tafin hannu guda, yadda aka koya musu, tana binsa tana dasawa. Da suka juyo kan layi na biyu ya sa hannu cikin buhu, sai ta riƙe masa wuyan hannu.

"Wannan layin bar shi maraya, Yaya," ta ce. "Mu gani."