Ƙaramar Wuƙar Da Ta Fito Da Mu Daga Gurbi

A shekarun da nake ba ku labari, ni matashi ne mai ji da dogon numfashi, ɗan gidan masunta a bakin kogin Wudil. In komar kamun kifi ta maƙale a gurbi, ko injin ban-ruwan wani manomi ya zame cikin ruwa, ni ake aikowa a kira. Yayana ke riƙe mini igiya daga cikin kwale-kwale, kuma yana da doka: ba na nutso sai da igiya biyu a ƙugu da wuƙa biyu, babba a gefe, ƙarama ɗaure a ƙwauri. Abokai kan yi mini tsiya, wai ko yaƙi zan tafi.

Wata Juma'a da hantsi, tsakiyar damina, kogi ya kawo ja wur, sai muka ji ihu. Maƙwabcinmu ne, magidanci mai 'ya'ya ƙanana, ya nutsa ciro komarsa bai taso ba. Muna isa na zabura zan faɗa, Yaya ya damƙe hannuna, ya rantse ba zai sake ni ba sai ya ɗaura igiya ta biyu. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, Allah ya yafe mini.

A ƙasa ba a ganin komai, lalube kawai nake yi, har na taɓa ƙafar mutum. Wata tsohuwar raga ce ta nannaɗe shi a jikin kututturen da ruwa ya kawo. Na zaro babbar wuƙa, shi kuwa cikin fafutukar rai ya buge mini hannu, ta suɓuce. Na ja igiyata ta farko, na ji ta sarƙe a rassa. Ƙirjina kamar an hura wuta, na fara kalmar shahada a zuci. Sai hannuna ya kai ƙwauri, na zaro ƙaramar wuƙa. Na yanke ragar, na yanke igiyar da ta sarƙe, na rungumo shi ta hammata, na fizgi ta biyu da ragowar ƙarfina. Nan take na ji ana janmu sama.

A bakin gaɓa aka yi ta danna masa ƙirji har ya amayar da ruwa, ya yi tari. Wurin ya kaure da kabbara. Yaya, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya durƙusa a kan yashi yana kuka. Da yamma mahaifiyar mutumin ta zo gidanmu, ta yi ta sa mana albarka.

'Yan'uwana masu nutso da masu tuƙa jirgi, kada iya ruwa ya ruɗe ku. Ku tanadi igiya ta biyu, da wuƙa ta biyu, da rigar ruwa, ko da za ku shekara ba ku buƙace su ba. Tsarewa ta Allah ce, amma ya ce tashi in taimake ka. Yau maƙwabcin nan yana raye, bara ma ni na zama waliyyin auren babbar 'yarsa.