Tsutsar lambun Tanti

Wata uku da saukata birnin Lyon na Faransa ganyen itatuwan lambu ya fara ƙarewa. Matar kawuna, wadda nake kira Tanti, tana da ɗan fili a lambun unguwa, bayan dogayen benayen Minguettes. A ciki akwai wasu gajerun itatuwa huɗu masu ƙaya, gurozey ake ce musu, ƴaƴansu kore masu tsami kamar tsada. Ta fi ji da su a kan yakuwarta, don su ne matan Turawa ke tsayawa su yaba.

Cikin kwana biyar suka koma tsinke. Wasu korayen tsutsotsi ne masu ɗigon baƙi suka cinye su, sun faro ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Tanti ta dube su, ta dube ni. Ta ce, "Shekara shida ban taɓa ganin haka ba sai da kika zo. Farar ƙafa gare ki, ƴar nan."

Takardar neman makarantar jinya da na cika, adireshin gidansu ne a kanta, kuma amsa nake jira. In na bar gidan, shi ke nan.

Ta san ina tsoron tsutsa, innata ce ta taɓa faɗa mata cikin raha. Ta ba ni gwangwani ta ce in tsince su da hannu, safar hannu ta masu gida ce. In na taɓa ɗaya sai ta ɗaga gindi ta lanƙwashe. Ƙaya ta yi ta yankar bayan hannuna. Ƴar Tanti, sa'ata ce haihuwar nan, tana tsaye da waya tana ɗaukata bidiyo.

"Kuzin, ɗago mana ɗaya ki yi murmushi. Ba ku ke cin fara a Maradi ba? Ɗanɗana mu gani."

Rana ta uku tsohon da filinsa ke jikin namu ya kira ni. Ya juya wani ganye ya nuna min fararen ƙwai a jere bisa jijiyarsa, ya ce wani ƙuda ne ke saka su. Nasa itatuwan ma tsirara suke. Na karɓi ganyen na hau bene da gudu, har ina murna.

Tanti ko dubansa ba ta yi ba. Ta ce, "Na ga nasa tun makon jiya. Wato har kin fara bin maƙwabta kina kai ƙarata."

Washegari Kawu ya miƙo min tikitin motar Paris, idonsa a ƙasa. Ya ce in je wurin wata ƙanwar babana a unguwar Porte de la Chapelle kafin Tanti ta huce. A falonta nake kwana har yau.

Amsar makarantar ta je gidan Tanti. Sun kira ni ganawa. Ƴar Tanti ta turo min hoton wasiƙar bayan ranar ta wuce da kwana tara.