Sifirin ɗin Baba Saiti

"Wata bakwai, Malam. Wata bakwai kana shafa wa ƙarfe giris kamar jariri, ko rami ɗaya bai huda ba," in ji matar Baba Saiti.

"To ya zan yi? Sifirin ɗin hannun ne ya ɓace. Jiya a nan na ajiye shi."

"Ai kullum a nan kake ajiyewa."

Mai Ɗinki ta tsayar da kekenta ta kasa kunne. Bangon da ya raba ɗakinta da gidan Baba Saiti da labule duk ɗaya ne, ko tari aka yi can sai ta ji bakinta ya ce sannu. Ta kuwa san inda sifirin ɗin yake. Yana cikin gwangwanin maɓallanta, tun da safe matar Baba Saiti ta kawo shi ƙulle a bakin zani.

Shekara talatin da ɗaya Baba Saiti ya yi a masana'antar gadajen ƙarfe, gaban injin huda guda ɗaya. Can ya samo sunan, don ba ya huda rami sai ya auna sau uku, ya ja da baya, ya runtse ido ɗaya. Da ya yi ritaya sai ya shiga kwaso tsofaffin injinan huda na tsaye, waɗanda tsatsa ta gama cinyewa. Ya wargaza su a ɗakin baya, ya jiƙa a kananzir, ya goge, ya sa sabon bel da sabon moto, har da ɗan ƙwan fitila da yake maƙala wa kowanne a goshi. In ya gama, ya huda rami ɗaya a fallen ƙarfe, ya leƙa ya ga haske, shi ke nan ya sallami injin.

Masifar tana tsakanin inji da inji. Da ya gama na farko, kwana goma sha biyu ya yi hannunsa babu komai. A kwanakin nan ya gano fankar falo tana ɗingishi, ya sauke ta. Ya buɗe injin markaɗe ya mayar, noti uku suka yi saura. Ya bi murafen tukwanen gidan kaf ya huda, wai don tururi ya riƙa fita cikin tsari.

Shi ya sa matarsa ta shigo da safen nan tana waige-waige.

"Ƙanwata, rufa min asiri. Sifirin ɗin nan kawai ya rage masa. In ya gama wancan, ni ce injin."

"To faɗan da kike masa kullum na mene ne, Yaya?"

"In ban yi faɗa ba ai zai gane."

Mai Ɗinki ta noƙe kafaɗa, wai ita mai gudun shiga tsakanin mata da miji. Matar ta matso kusa.

"Shekaranjiya fa na ji yana cewa kekenki yana kuka ta gefen hagu."

Nan take ta buɗe gwangwanin. Daga baya ta riƙa gaya wa kanta haƙƙin maƙwabtaka ne.

Haka aka yi ta yi. Sifirin ɗin ya yi sati biyu, aka tsince shi a ƙarƙashin benci. Sai wani noti ya tafi, sai bel. Abin da ya tsaya wa Mai Ɗinki a rai shi ne, duk tarkacen nan akwai su birjik a layin masu ƙarafa, kuma Baba Saiti ya san layin fiye da hanyar banɗakinsa. Bai taɓa zuwa nema ba. Sai dai ya zauna gaban injin yana goge abin da ya riga ya goge, yana fito.

Wata rana da hantsi, matarsa ta tafi cefane, aka ƙwanƙwasa. Baba Saiti ne, riƙe da 'yar kwalbar mai da tsumma. Mai Ɗinki ta cika ƙofar da jikinta don kada ya hango keken, balle gwangwanin.

"Baba, lafiyarsa ƙalau wallahi, ya daina kukan."

Ya runtse ido ɗaya ya dube ta, sannan ya miƙa mata kwalbar.

"Ba keke na zo ba, 'yata. Makullin bakin injin ne na gaba, na ajiye wa yayarki shi inda za ta gani. In ta kawo, ki ɗan shafa masa wannan. Sifirin ɗin da kika riƙe, da tsatsa ya dawo min."