Gonar Mai Tunjere

Karatuna a firamare ya tsaya, amma na san ilimi iri biyu ne: akwai wanda ke tono rijiya, akwai wanda ke tono asiri. Ɗan ƙanena kuwa, irin na biyun ya karanto a Sakkwato.

A damunar da aka fara shari'ar Musulunci a Zamfara, lokacin kowa na auna bakinsa, ruwa ya zaizaye gefen wata gona a bayan Dauran. Mun daɗe muna rigima a kanta da maƙwabcina, kowa na cewa kufan kakansa ne. Sai ga ƙasusuwan mutum a waje. A wurinmu wanda kakansa ke kwance a wuri shi ke da wurin, don haka muka ruga gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, kakana ne," in ji ni. "A je a dubi tsawon ƙwabrin ƙafarshi."

"Kai da ko jaki sai an ɗora ka?" in ji maƙwabcin. "Nawa ne."

Aka ɗunguma gonar. Ɗan ƙanen nan nawa, magidanci mai aikin gwajin jini a asibiti, ya zo hutu, ya biyo mu ba wanda ya gayyace shi. Ya tsuguna, ya dubi ƙwabrin da ya kumbura, ya dubi ƙoƙon kan da ya yi ramu-ramu kamar gara ta ci.

"Baba, wannan ya yi kama da tunjere, ciwon nan na masu neman mata."

Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Ya ce a Turai ana niƙa haƙorin mamaci ko ɗan guntun ƙashi, a ciro ƙwayoyin halittar cutar, komai daɗewar kabarin. Gwajin ma yana iya nuna ko kakan wa ne. Ya ƙara da cewa akwai 'yar'uwar cutar da yara ke ɗauka wajen shan ruwa a ƙwarya guda, ba ruwanta da neman mata. Wannan ƙarin ni kaɗai na ji shi.

Wani tsoho ya tambaya, da gaske yake, ko alƙali na yi wa ƙashi bulala.

Maƙwabcina ya ja da baya, ya gyara hula. "Ranka shi daɗe, yanzu na tuna. Namu kakan a Shinkafi ya rasu, kan tabarmar salla. Wanga dogo nashi ne, ya ma faɗi da bakinshi."

Mai gari ya dube ni. In na ce a'a, gona ta tafi. In na ce i, kakana ya zama mazinaci a gaban jama'a. Na dubi gonar, ƙasa baƙa mai ba da dawa ko taki babu. Na ce nawa ne.

Na roƙi a ɗauki haƙori ɗaya a kai Turan, ko a wanke tsohon. Liman ya ce mamaci ba gyaɗa ba ne da za a kai inji. Aka naɗe shi a likkafani, aka mayar, aka yi addu'a. Mai ilimin ya koma Sakkwato abinsa.

Har yau in na kai dawa kasuwar Ƙaura, 'yan lodi na tambayata ko ta gonar mai tunjere ce, ko sai an wanke hannu. Ina amsa musu cewa ita ce, kuma ta fi ta ubansu tsaba.